Taswirar da Ba Ta Zuwa Cikin Kwali

Kusan duk na'urar lantarki da ke aiki a N'Djamena daga nesa ta taso. Mafi yawan kaya kan sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala a Kamaru, su yi tafiyar da ta kusan kilomita 1,800 ta titi, ko ta jirgin ƙasa har Ngaoundéré sannan mota ta ƙarasa, kafin su tsallake gadar Ngueli daga Kousseri. Wasu kuma ta Maiduguri da Gamboru suke shigowa a hannun 'yan kasuwar da ke saro su a Kano ko Legas. Da sun iso, sai su tarar da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, a Chadi, ƙasar da kusan mutum ɗaya ne cikin goma ke da wutar lantarki a gidansa. Inbata, da na'urar da ke daidaita cajin sola, da mai kunna famfon rijiyar burtsatse, da wayar Tecno ko Itel, babu wadda ke daɗewa ba ta nemi mai gyara ba, kuma mayar da ita masana'antarta a Shenzhen zance ne kawai. Masu gyaran da ke rumfuna a kewayen Babbar Kasuwa da kasuwar Dembé sun ƙware a aikin hannu: canza gilashi, gyara bakin caji, ɗaga aisi da bulowa a sake dasa shi. Inda suke cijewa shi ne ranar da aka kawo musu na'ura mai sabon furosesa, akwatin filashin da ke kan tebur, wanda ake zuba manhaja da shi, ya ce bai ga komai ba. A nan akan yanke hukuncin cewa fanel, wato allon da kayan cikin na'urar ke manne a kai, ya mutu. Ni kuwa ina ganin sau da yawa fanel ɗin lafiyarsa ƙalau, abin da ya ɓace shi ne takardar da ke bayyana tsarin cikinsa, kuma rashin wannan takarda ya fi rashin kayan aiki cutar da gari irin N'Djamena.

Sai an fara sanin abin da ake ƙoƙarin gani. A cikin kowane furosesa akwai 'yan ƙananan ma'ajiyai da injiniyoyi ke kira rajista. Idan babbar ma'ajiyar na'ura ita ce buhunan da ke jibge bayan mai hatsi a kasuwar gero, to rajista su ne mudun da ke hannunsa: ba su ɗaukar abu da yawa, amma duk ƙwayar da za a sayar sai ta bi ta cikinsu. Furosesan Cortex-M na kamfanin ARM, wanda ke cikin ɗimbin inbatoci da na'urorin sola, yana da manyan rajista 16, daga r0 zuwa r15. Ta ƙarshe, r15, tana riƙe da adireshin umarnin da ake kai. Ta r14 tana tuna inda za a koma idan an gama ƙaramin aikin da ake ciki, r13 kuma tana nuna inda aka jera bayanan wucin gadi. Idan na'ura ta sandare, waɗannan ukun kaɗai sun isa su faɗi layin da ta tsaya da hanyar da ta biyo ta isa can. Wanda ya iya karanta su ya san cutar. Wanda bai iya ba sai ya sake filashin, idan bai yi ba ya canza aisi, idan bai yi ba ya ba mai kaya haƙuri.

Ƙofar da ake leƙawa ta ciki tsohuwa ce. A shekarar 1985 wasu kamfanonin lantarki suka kafa kwamitin da gajeren sunansa ya zama JTAG, don ƙafafun aisi sun fara matsewa har allurar gwaji ba ta iya taɓa su. Tsarin da suka fitar ya zama ƙa'idar IEEE 1149.1 a 1990, kuma zare huɗu yake buƙata: na bugun agogo, na zaɓen yanayi, na shigar da bayani, da na fitar da shi. Asalin manufar ita ce a duba ko dalma ta kama, daga baya masu ƙera furosesa suka ga ta nan za a iya tsayar da shi a duba cikinsa. ARM ta rage zaren zuwa biyu a tsarinta na SWD. Tsakanin idon injiniya da rajista akwai sarƙa: manhajar binciken kuskure a kwamfuta, wadda galibi GDB ce da Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986, sai manhajar da ke tafinta tsakaninta da ƙarfe, irin OpenOCD da Dominic Rath ya rubuta a 2005 a matsayin aikin kammala karatunsa a Augsburg ta Jamus, sai ƙaramar na'urar haɗi kamar ST-Link ko J-Link, sai zaren, sai furosesan. Akwatunan da masu gyaran waya suka sani, su RIFF Box da Easy JTAG da Medusa, irin wannan sarƙar ce aka naɗe a kwali aka sa mata maɓallai. Duk lokacin da aka ƙaurar da manhaja zuwa sabon furosesa, ko aka kawo na'urar da aka canza wa furosesa a masana'anta, tilas kowace gaɓa ta sarƙar ta sake yarda da ta kusa da ita.

Saɓani na farko kan taso tun a gaisuwa. Da zarar an jona, furosesa yana faɗin lambar shaidarsa mai bit 32, manhaja ta gwada da wadda ke rubuce a fayil ɗinta. Furosesan STM32F103 na kamfanin STMicroelectronics, wanda ɗalibai da ƙananan masana'antu ke so saboda araha, yana amsawa da 0x1ba01477. A lokacin ƙarancin aisi na 2020 da 2021 kwaikwayonsa da ake yi a Sin suka ƙara cika kasuwa, kuma wasunsu, irin CKS32, da 0x2ba01477 suke amsawa. Bambancin lamba ɗaya ce a farko, amma OpenOCD kan ƙi ci gaba, ta ce ba wanda take tsammani ba ne. Gyaran layi ɗaya ne a fayil. Mutumin da bai san akwai fayil ɗin ba zai jefar da fanel mai rai, kuma kasuwannin da suka dogara da kaya mafi araha, wato irin namu, su suka fi cin karo da waɗannan kwaikwayo.

Ko an gaisa lafiya, furosesa ba ya nuna rajistarsa yana cikin gudu. A Cortex-M sai an rubuta umarnin tsayawa a adireshin 0xE000EDF0, kuma rubutun ba ya karɓuwa sai an haɗa shi da mabuɗin A05F, wanda aka sa don kada manhajar da ta rikice ta tsayar da kanta bisa kuskure. Bayan ya tsaya, a rubuta lambar rajistar da ake so a adireshin da ke biye, a jira alamar cewa amsa ta nuna, sannan a ɗauke ta a na gaba da shi. Wanda ya yi gaggawa bai jira alamar ba, tsohuwar amsa zai ɗauka. Akwai kuma na'urorin batir da ke yin barci don rage cin wuta, su kashe har agogon sashen bincike, da waɗanda manhajarsu ke karɓe ƙafafun SWD ta mayar da su na kunna fitila da zarar ta tashi. Maganin waɗannan shi ne a danne zaren sake tayarwa a jona kafin manhajar ta farka. Dogon zare da agogon da aka sa wa sauri fiye da kima su ma suna gurɓata amsa, balle a rumfar da janareta ke ruri a gefe. Duk waɗannan an rubuta su a littafin furosesan, kuma babu wanda mitar gwaji za ta nuna.

Saɓanin da ya fi wahalar kamawa yana can sama, tsakanin GDB da tafintarta. Idan GDB tana son rajista, harafi ɗaya take aikawa, g, amsa kuma ta dawo a matsayin dogon jerin lambobi a manne, babu suna, babu waƙafi, babu alamar inda wannan rajista ta ƙare waccan ta fara. GDB ce ke yanka jerin bisa taswirar da ta riga ta riƙe. Tsohuwar taswirar ARM tana tsammanin bayit 168: rajista 16 masu bayit huɗu-huɗu, sai takwas masu bayit goma sha biyu-biyu na wani tsohon sashen lissafi mai suna FPA da tuni aka daina ƙerawa, sai biyu na yanayi. Cortex-M ba shi da waɗancan takwas ɗin, yana da wasu nasa da tsohuwar taswira ba ta sani ba. Idan tsawon amsa ya zarce, GDB kan yi ƙorafin cewa amsar ta yi tsawo, kuma wannan sa'a ce, domin an san akwai matsala. Mugun lamarin shi ne a yanka jerin a gurguje ba tare da ƙorafi ba, lambar wannan rajista ta bayyana da sunan waccan, injiniya ya kwana yana farautar kuskure a layin da furosesa bai taɓa takawa ba. Haka ma jerin bayit: lambar 12345678 wasu furosesa daga 78 suke fara ajiye ta, sai 56, 34, 12, wasu kuma daga 12. Haka faɗin rajista, bit 32 ko 64. Shi ya sa daga baya aka ƙara wa GDB damar karɓar wani ɗan fayil daga ɓangaren furosesa, wanda ke jera sunan kowace rajista da lambarta da faɗinta. Babban kaso na aikin ƙaurar da manhajar bincike zuwa sabon furosesa shi ne rubuta wannan fayil daidai, kuma ba a rubuta shi da ka.

Abin sha'awa shi ne gwajin da ke tona asirin taswira marar kyau ba ya cin ko sisi. Cortex-M idan ya tashi, lambar farko da ke ma'ajiyar manhaja yake zubawa a r13, ta biyu kuma ita ce adireshin da zai fara aiki. Don haka a tsayar da shi a daidai tashinsa, a karanta lambobi biyun farko na ma'ajiya, a gwada da abin da aka gani a r13 da r15. Idan sun dace, in ban da bit na ƙarshe da ake sharewa a r15, taswira ta zauna. A furosesan RISC-V rajistar x0 sifili ce har abada, ko me aka rubuta mata, saboda haka duk manhajar da ta nuna wata lamba a can ƙarya take yi. Ana kuma iya rubuta wa kowace rajista lambar da ta sha bamban, a sa furosesa ya yi taku ɗaya, a sake karantawa a ga ko kowace ta dawo wurinta. Yaron da ya iya ɗaga aisi mai ƙafa ɗari ba tare da ya ƙona fanel ba, wannan ba zai gagare shi ba. Sharaɗin kawai ya san cewa x0 sifili ce, ya san daga inda r13 ke samo lambarta, kuma a takarda ake samun wannan.

To, wa ke riƙe da takardar? ARM da STMicroelectronics suna sakin littattafan ƙananan furosesansu kyauta a intanet, shafuka ɗaruruwa, wani ma ya haura dubu. Furosesan waya kuwa, na MediaTek ta Taiwan da Unisoc ta Shanghai da Qualcomm ta Amurka, waɗanda ke cikin wayoyin da suka cika aljihun mutanen Chadi, cikakken bayaninsu sai kamfanin da ya sa hannu a yarjejeniyar rufe baki. Masu ƙera akwatunan filashin su ke tono abin da suka iya, su sayar da shi a matsayin sabuntawa, wasu da kuɗin shekara. Ma'ana, mai gyara a Dembé hayar ilimi yake yi. Duk sabon samfurin waya sai ya jira sabuntawa, ya sauke ta da datar Airtel ko Moov mai tsada, ko ya roƙi fayil a zaurukan WhatsApp da Facebook, waɗanda aka toshe a Chadi daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, wata 16 cur. Bugu da ƙari, sababbin wayoyi da dama ana ƙone musu wani ɗan fiyus na cikin furosesa tun a masana'anta don rufe JTAG, abin da ya sa masu gyara suka koma liƙa zare kai tsaye a ƙafafun ma'ajiyar eMMC. Wannan dabara tana fito da bayani daga ma'ajiya, amma ba ta faɗin abin da furosesa ke yi lokacin da ya sandare.

Mai ƙera na'ura zai ce rufe ƙofar tsaro ne, kuma a wani ɓangare gaskiyarsa. Wayar da kowa zai iya tsayar da furosesanta ya karanta cikinsa ganima ce ga ɓarawo, ga kuɗin Airtel Money da hotunan iyali a ciki. Mitar wuta ta kati da ke buɗe kuwa, kafin sati an koya wa unguwa yadda ake ƙara mata kuɗi. Ban ga dalilin musun wannan ba. Sai dai kulle ƙofa daban, ɓoye taswirar gida daban. Da yawa daga cikin furosesan STM32, waɗanda kowa ke da littafinsu, suna da matakan kariya uku. A mataki na 0 komai a buɗe yake. A mataki na 1 mai gyara na iya jonawa ya ga rajista, amma ba zai kwafe manhajar ba, kuma idan ya nemi komawa mataki na 0 sai furosesa ya goge duk abin da ke ciki tukuna. A mataki na 2 ƙofar ta rufu har abada, ko kamfanin da ya ƙera ba zai buɗe ta ba. Bayyana wannan tsari bai raunana shi ba. A ɗaya gefen, Apple da ta fi kowa riƙe sirri ba ta tsira ba: a 2019 aka fallasa raunin checkm8 a furosesanta daga A5 zuwa A11, raunin da ba ya gyaruwa da sabuntawa. Saboda haka hujjar tsaro ta isa ta kare kulle waya da mita, amma ba ta kai ga na'urar cajin sola ko mai kunna famfo ba, waɗanda ba sa riƙe da kuɗin kowa. Wanda ya sa wa irin waɗannan mataki na 2 kasuwar sabon fanel yake karewa.

Wasu kuma na ganin lokaci zai warware matsalar da kansa, tunda RISC-V na tafe. Wannan tsarin furosesa ne da Krste Asanović da David Patterson da ɗalibansu suka fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010, kuma kowa na iya ƙera shi ba tare da biyan lasisi ba. Yana da rajista 32, yana da ƙa'idar bincike a buɗe, sigar 0.13 da aka amince da ita a 2019, wadda ta ce manyan rajista daga lamba 0x1000 suke farawa. Alheri ne babba, amma buɗaɗɗen tsari bai tilasta wa kowa buɗe ƙofa iri ɗaya ba. CH32V003 na kamfanin WCH da ke Nanjing, wanda farashinsa ke wajen santi 10 na dalar Amurka, RISC-V ne mai rajista 16 kacal, kuma ana bincikensa ta zare ɗaya na tsarin kamfanin, wanda ST-Link ba ta jin yarensa. Manhajar da ke jiran 32 ta samu 16, an koma gidan jiya. ESP32-C3 na Espressif ya zo da JTAG ɗinsa a cikin bakin USB. RP2350 da Raspberry Pi ta fitar a 2024 yana ɗauke da Cortex-M33 da RISC-V a guntu ɗaya, a zaɓi wanda za a tayar, wato taswira biyu a aisi guda. Abin da RISC-V zai kawo kasuwar N'Djamena shi ne yawan ire-iren furosesa, kuma akwatin da ke jiran sabuntawa daga waje zai ƙara zama a baya.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne na lissafi: fanel ɗin da bai wuce 'yan daloli ba, me zai sa a ɓata yini ana binciken rajistarsa? A canza shi kawai. Wannan lissafin Shenzhen ne, inda shagon fanel ke ƙasan bene. A garin da kaya ke shafe makonni daga Duwala, farashin fanel ya haɗa da kwanakin da famfon unguwa zai yi a tsaye da firijin ɗakin magani zai yi a kashe, kuma sau tari irin fanel ɗin ma an daina yin sa. Sannan binciken ba na fanel ɗaya ba ne: wanda ya gano cewa wani samfurin inbata yana sandarewa a wuri kaza idan wuta ta yi ƙasa, ya gano cutar duk ire-irensa da ke gari. Kayan aikin kuwa ba su ne cikas ba, domin kwaikwayon ST-Link bai kai kuɗin sabon gilashin waya ba, GDB da OpenOCD kuma kyauta ne. Akwai wuraren koyo: Jami'ar N'Djamena da aka kafa a 1971, da makarantar fasahar sadarwa ta ENASTIC, da cibiyar kimiyya da fasaha ta Abéché, da zauren matasa na WenakLabs. Cikas na gaske harshe ne. Littattafan furosesa da Ingilishi ko Sinanci ake rubuta su, makarantun Chadi kuwa da Faransanci da Larabci suke karantarwa. A nan mai jin Hausa yake da rinjayen da ba a cika lura da shi ba, domin harshensa ya haɗa shi da abokan sana'a a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, inda masu karanta Ingilishi suka fi yawa, kuma bayanin da ya shiga Hausa a can ba ya buƙatar fasfo kafin ya kai bakin kogin Shari.

Mai gyara shi kaɗai ba zai sa masana'anta ta saki takarda ba, domin fanel ɗaya yake saye. Masu sayen ɗaruruwa su ne ma'aikatun gwamnati, da ƙungiyoyin agaji da ke haƙa rijiyoyin sola, da manyan 'yan kasuwar da ke cika kwantena. Takardun kwangilarsu kan faɗi ƙarfin batir, da yawan wat, da watannin garanti, garantin da cika shi ke nufin mayar da kaya ta hanyar da suka zo. Ana iya ƙara layi uku a kai: sunan furosesan da ke ciki da lambarsa, wurin da ƙafafun JTAG ko SWD suke a kan fanel, da matakin kariyar da aka sa. Masana'antar da ke neman cinikin kwantena ba kasafai take ƙin amsa tambaya irin wannan ba idan an yi ta kafin a biya kuɗi, kuma injiniyanta ya riga ya san amsar, tunda ta waɗannan ƙafafun ya zuba manhajar tun farko.